Cibiyar Ɗiyata a Bakin Kallabi

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman da na yi ƙasar Turawa. Wasu na manta su sarai, wasu sai an tuna mini. Amma watannin nan da na yi ina jiran wani ɗan ƙunshi ya tashi daga hannuna ya isa garinmu Filinge, ko tsufa ya kwashe mini hankali ba na jin za su fita daga raina. Har yau in na ga ƙofar gidan waya, ko a wane gari ne, sai su dawo mini sabo.

Aure ne ya kai ni can, kuma a can na haifi ɗiyata ta fari, cikin wani sanyi da ko yatsa mutum ba ya son fitarwa. Da na kira Inna na yi mata albishir ta rangaɗa guɗa, ta yi addu'a, ta tambayi lafiyata. Can sai ta rage murya ta ce, "To mabiyiya hwa, ina anka sa ta?" Na ce mata nan likita ke ɗaukewa, ba a ba mutum. Sai ta ce, "Shi ke nan, wannan ta wuce. Amma cibiya in ta hwaɗi, kada ki kuskura ki yar. Gida za ta zo."

A gidanmu akwai wata kusurwa bayan ɗakin Inna, gindin katanga. Nan aka binne cibiyar duk wanda aka haifa a gidan, tawa da ta yayana da ta 'ya'yansa. Inna ta yi imani ɗan da ba a san inda cibiyarsa take ba, ba ya zaman gida, ƙafarsa yawo za ta yi har duniya ta cinye shi. Na so in tsokane ta, na ce, "Inna, ni da aka binne tawa nan, ba ga ni bayan duniya ba?" Ta ce, "Shi ya sa kullum kike kira. Da ba a binne ba, da ko muryarki ba mu ji." Ban sake gardama ba.

Sharaɗi ta kafa mini guda biyu. Na ɗaya, kada kowa ya sani, ko yayana, don a cewarta bakinsa kasuwa ne. Na biyu, kada in ba wani matafiyi. Cibiya ba a bari ta shiga hannun wanda ya san ko mece ce, don ba ka san zuciyar kowa ba. Na san wadda take nufi ko da ba ta faɗa ba. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyar Kawu yayan Inna, ita kaɗai take zaune, 'ya'yanta duk sun rasu tun suna ƙanana. Babu wanda ya taɓa kama ta da komai, amma mata kan janye yaransu in ta gitta, kuma mu ma haka muka tashi muka gani. Inna na tsoron duk wata hanya da labari zai bi ya kai kunnenta.

To in ba matafiyi ba, sai gidan waya. Ni na kawo shawarar, da ƙarfin hali na kuwa. Na ce, "Inna, gidan waya ba shi da ido ba shi da baki. Kawu yana da akwati a can, in na rubuta sunansa da lambarsa ai magana ta ƙare." Da cibiyar ta bushe ta faɗi, na naɗe ta cikin ɗan farin ƙyalle. Na je na sayo kallabi da yawa masu kyau, sannan na zaɓi wanda ya fi kowanne rashin kyan gani, wani mai ruwan ƙasa da ko ni ba zan ɗaura ba, na warware bakinsa na tura ƙunshin ciki na ɗinke. Dabarata ita ce ko ɓarawo ya buɗe, ba zai kalli wannan ba. Na gaya wa Inna, mai ruwan ƙasa, ta shafa bakinsa.

Matar da ke kanta a gidan wayar ta auna, ta manna takardu, ta ba ni wata doguwar lamba ta ce da ita zan riƙa bibiyar saƙon a waya. Na tambaye ta yaushe zai isa. Ta ce sati biyu, in ya daɗe uku. Na fito ina jin kaina kamar na gama wani babban aiki.

Wannan "sati biyu" ita ta jawo mana duk abin da ya biyo baya. Dama mun daɗe da shirya ni da yayana za a rushe tsohon ɗakin ƙasa na Inna a gina mata na siminti kafin damina, don bara ruwa ya kusa kawo shi ƙasa. An buga birikin gini, an yi magana da maso, wato magini. Sabon ɗakin ya fi tsohon faɗi, zai haye kusurwar nan ta bayan ɗaki. Inna ta lissafa a ranta, ta ga ƙunshi zai iso, ta binne, sannan a zuba siminti a kai. Ta yarda aka rushe. Aka kafa mata rumfar zana a tsakar gida, aka tara kayanta ƙarƙashin leda.

Sati biyu suka wuce. Na uku ya bi su. Ina duba lambar nan safe da rana, ina shayarwa ina dubawa, ina girki ina dubawa. Magana ɗaya ce a rubuce: saƙo ya bar ƙasar. Ya bar ƙasar ya tafi ina? Sama ya hau? Maigidana har cewa ya yi zan huda wayar da ido. Na goya jaririya na koma gidan wayar. Wata matar daban na tarar, ta danna injinta, ta juyo mini da shi, ta nuna mini abin da na baro a wayata. Ta ce daga ya fita ƙasarsu ba hannunsu yake ba, sai a tambaya can. Kawu ya je ya tambaya can, aka ce masa bai zo ba, a tambayi inda aka aiko. Haka aka riƙa buga mu tsakanin ƙasa da ƙasa, kowa da murmushinsa da "sai haƙuri".

A gida kuwa maso ya tona tushe ya zuba siminti ko'ina, da ya zo kusurwar nan Inna ta jawo tabarma ta zauna a kai. Ta ce nan ba a taɓawa tukuna. Maso ya ce, "Hajiya, ɗaki ba shi tashi da ƙahwa ukku." Ta ce ta ji. Aiki ya tsaya cik.

Yayana ya kira ni yana huci. "Ke, ki yi wa Inna magana! Ta zamna bisa rami ta hana aiki. Na tambaye ta mine ne, ta ce in bar ta. Ko tsuhwa ne ya fara taɓa ta?" Na ce ya yi haƙuri, wataƙila tana da dalilinta. Ya ce, "Dalili? Kin san ranar da ruwa ya sauka maso da yaransa duk gona za su? Ba mai sake riƙa cebur sai an yanke hatsi. Ke kina can cikin ɗaki mai ɗumi, tsohuwa za ta ci damina ƙarƙashin zana!" Maganar ta soke ni, don gaskiya ya faɗa. Ga amsa a bakina, ga alkawari ya ɗaure ni. Na kashe waya na yi kukana.

Na roƙi Inna ta bari a gina, in ƙunshi ya zo a binne wani wuri. Ta ce, "In raba ta da 'yan'uwanta? Kowa na nan, ita kaɗai can gehe kamar baƙuwa?" Na ce to lafiyarki fa, ga tari ya fara damun ki. Ta ce tari ba yau ya fara ba. Wallahi a ranar na ji haushinta, na ji haushin kaina, amma haushin gidan waya ya fi duka. Da mutum ne da na san inda zan same shi in zazzage masa abin da ke cikina. Amma wa za ka kama? Lamba ce kawai a cikin waya.

Wata na biyu ya shige, na uku ya kama. Zafin bazara ya yi tsanani, aka fara ganin hadari na haɗuwa ta gabas yana watsewa. Aka ce an yi ruwa wajen Baleyara. Aka ce Bonkuku ma sun samu, har wasu sun yi shuka. Ni da ban taɓa fargabar ruwa ba, 'yar manoma, na koma ba na son jin an ce hadari. Mutanen garinmu na roƙon ruwa, ni ina nan bayan teku ina cewa Allah ka ɗan jinkirta, sannan in yi istigifari. Abinci ya daina shiga, har nono ya ragu. Na sake komawa gidan wayar, wannan karon na ɗaga murya har mai gadi ya matso. Suka ba ni takardar koke suka ce a jira amsa, ita ma ta gidan waya za ta zo. Na yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo.

Ranar wata Juma'a da hantsi yayana ya kira, murya sake. "Ke, tsarabarki ta iso, an gode. Kawu ya aiko wa Inna nata." Na miƙe tsaye. Na duba lambar nan, har lokacin cewa take saƙo ya bar ƙasar. Na ce, "Nata? Wane irin nata? Ba duka aka kawo mata ba?" Ya ce, "Duka kamar yaya? Kawu ya raba mana."

Na koma na zauna. Yadda na manta da wannan, har yau ina mamaki. A wurinmu tsaraba ba ta mutum ɗaya ba ce. In kaya suka zo daga wanda ke waje, babba ke buɗewa, ya kasa, kowa ya samu albarka. Sunan Kawu ke kan kwalin, shi ne babba, ba wanda ya gaya masa komai. Abin da ya sani kawai ƙanwarsa Inna ta dame shi da tambayar saƙo, ya ɗauka ɗokin tsaraba ne. Ya buɗe ya zaɓi wanda ya fi kowanne kyau, mai zaren zinari, ya aika wa Inna don ita ce uwa. Sauran ya bi matan dangi da su daki-daki.

Na sa aka ba Inna waya. Muryarta ta canza. Ta ce, "Mai ruwan ƙasa ba shi nan." Na kira Kawu. Ya fara sa mini albarka, ya ce kowa ya ji daɗi. Na daure muka gaisa sosai, don ba a yi wa Kawu tambaya a tsaye. Sannan na ce, "Kawu, akwai wani mai ruwan ƙasa, wa ya samu?" Ya yi dariya. "Wanga maras kyau? Ɗiyata, shi kam idonki ya kwana wurin zaɓe. Na ga ba wadda za ta so shi, sai na yi miki sadaka da shi. Na ba tsohuwar ga maƙwabciyata, baiwar Allah, ba ta da mai kawo mata."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An gudu ba a tsira ba. Hannun da muka yi wata da watanni muna kauce wa, muka ƙi matafiya, muka ɓoye wa ɗan'uwa, muka bar tsohuwa a rumfa, shi ne dabarata ta kai abin ta ajiye a ciki.

Na sake kiran Inna bayan an sauko daga masallaci. Ina jin iska na kaɗa zana, ina jin yayana daga nesa yana cewa a danne leda da duwatsu. Na ce, "Inna, ki tashi ki je ki karɓo." Ta ce, "In ce mata mi? A ba mutum kyauta da sahe, da marece in je in ce maido? Ni da ban taɓa taka ƙohwatta ba?" Na ce to ki kai mata mai zinarin ku yi musanya. Ta ce, "Sai ta gane akwai abu ciki." Na ce to a gaya wa Kawu. Ta ce sai gari duk ya ji. Duk hanyar da na kawo sai ta toshe, ita ma kuka ne a muryarta, ni ma haka. Jaririya ta farka ta kama nata. Na ce a raina shi ke nan, cibiya ta tafi, ɗaki bai tashi ba, ga ruwa a ka.

Muna cikin haka na ji sallama. Muryar mace ce, tsohuwa, a hankali. Inna ta amsa da wata murya da ban san ta da ita ba. Inna ba ta iya kashe waya ba, in ta gama sai ta kife ta a tabarma, kuma yau ma haka ta yi. Don haka duk abin da aka faɗa a kunnena aka yi shi.

Suka gaisa a takure. Sai baƙuwar ta ce, "Ba zama ni zo yi ba. A kore yara in hwaɗa miki magana." Na ji Inna ta kore su. Tsohuwar ta ce, "An ba ni kallabi yau, na gode. Na ɗauka in ɗaura in tai Juma'a da shi, sai hannuna ya ji abu ga baki. Ban warware ba. Ba sai na warware ba." Ta numfasa. "Na binne cibi, na binne masu cibin. Na san abin da uwa ka ɗunkewa haka. Ga shi, ba wanda ya gani, ba wanda za ya ji. Ki yi maza, ruwa na tahe."

Can sai na ji ƙarar almakashi, sannan muryar Inna: "Zo ki riƙa mini. Gwiwata ba ta duƙawa." Tsohuwar ta ce, "Ni?" Inna ta ce, "Ke."

Muryoyinsu suka yi nisa. Ina zaune a ƙasa cikin ɗakina, ɗiyata a ƙirji, waya manne a kunne, ina sauraron tabarma. Na ji sarar ƙasa sama-sama, na ji bisimilla. Daga baya Inna ta gaya mini tsohuwar ce ta duƙa ta sa ƙunshin cikin ramin da hannunta, ta yi addu'a Allah ya raya jaririyar, Allah ya sa ita ta binne iyayenta ba su su binne ta ba. Inna ta ce ba ta taɓa jin an yi wa jariri addu'a irin wannan ba.

Sai na ji Inna ta ɗaga murya, tsohuwar muryarta ta dawo: "Ina yaron ga? A kira maso!" Yayana ya ce, "Yanzu? Bayan wata nawa?" Ta ce, "Kai dai kira shi, sarkin surutu." Hadarin ranar iska ce ta kwashe shi, ɗan yayyafi kawai aka yi. Maso ya rufe kusurwa kafin magariba, suka ɗora biriki ba ji ba gani kwanakin da suka biyo. Ruwan shuka ya sauka ana cikin buga kwanon rufi, sai da aka roƙi maso ya ƙarasa a jiƙe kafin ya tafi gonarsa. Inna ta shiga ɗaki ba ƙofa ba yaɓe, ta yi damina tana tari, amma da rufi a kanta.

Kallabi mai ruwan ƙasa Inna ta ɗinke bakinsa ta maida wa mai shi, ta haɗa mata da mai zinarin. Tsohuwar ta karɓi na farkon kaɗai, ta ce shi aka ba ta. Amsar kokena kuwa ta iso ɗiyata na rarrafe, suna sanar da ni cewa suna nan suna bincike.

Da muka zo gida shekarun baya, ɗiyata ta yi wayo, gidan tsohuwar na fara kai ta bayan na Kawu. Na sa ta a cinyarta. Tsohuwar ta daɗe ba ta taɓa ta ba, hannuwanta a sama, tana kallona ko da gaske nake. Mata na leƙe ta katanga, na bar su su leƙa.

Ban daina jin haushin gidan waya ba, kuma ko allura ce ba na sake ba su in tana da ranar isa. Amma abin da na koya ya wuce wannan. Na amince wa lamba da kwali don ba su da ido, na guji mutum don wani zato da na gada ban taɓa tambayar tushensa ba. Kwalin ya yi wata uku yana yawo da amanata, ita kuwa ko la'asar ba ta bari ta yi a hannunta ba. Tun ranar, in na ji an ce a janye yaro ga wance na zuwa, sai in tambaya me ta yi. Har yau ba a ba ni amsa ba.